Kitson da Ya Kusa Hana Ni Shiga Tawaga

Ni da ka nake cin ƙwallo. Ƙafata ta hagu ba ta da aiki sai tafiya, ta dama kuwa sai ranar da ta ga dama. Amma a ɗago mini ƙwallo sama, to mai tsaron raga ta fara salati.

A wajen wata Bajamushiya na koya, wadda ba ta ma san ina duniya ba. Babanmu yana da 'yar talabijin a shagonsa na ɗinki a Barkin Sale, can nake maƙalewa da la'asar in ana nuna wasan mata. Ita ce 'yar wasan gaban Jamus, ƙaƙƙarfa, ba ta tsoron karo da kowa. Shekara da shekaru ina bin ta: ta ci kofuna, ta zama kyaftin, ta ji rauni a gwiwa har aka ce tata ta ƙare, ta dawo ta ci gaba da zura su da goshi. Wallahi ina son matar nan. Abin da na ga ta yi yau, gobe ina bayan gida ina gwadawa da bangon maƙwabta, suna zagina.

Ina aji biyar a sakandare aka ce za a haɗa tawagar 'yan matan makarantun Minna. 'Yar gaba ɗaya tak koci yake nema, mu biyu muke so, kuma wasan gwaji ɗaya za a yi, ranar Asabar da safe. Asabar ɗin nan ce kuma bikin 'yar yayar Mama a Maitumbi.

Ranar Juma'a da yamma Mama ta tasa ni gaba sai gidan mai kitso.

Na ce, "Mama, don Allah a bari sai na dawo daga wasa."

Ta ce, "Wasan me? Ranar biki wace mai kitso ce za ta kalle ki? Zauna, kafin ranki ya ɓaci!"

Matar nan hannunta ba tausayi. Shuku ta yi mini, ƙanana ƙanana, ta ja gashin har girata ta ɗage. Ko murmushi na yi sai ƙeyata ta amsa. Mama sai yabawa take, wai zai yi wata guda bai tsufa ba.

Da safe aka fara wasa. Mai bugo mini ƙwallo daga gefe ƙawata ce, Bagwariya daga Garatu, ta san goshina kamar tafin hannunta. Ta ɗago ta farko, na tashi na sa kai. Wayyo Allah! Kamar an watsa mini barkono a tsagar kitson. Ta biyu da ta zo, ni da bakina nake faɗa, sunkuyawa na yi ta wuce. Ta uku ma haka. 'Yan kallo suka kwashe da dariya, abokiyar takarata kuwa ta ci ɗaya da ƙafa a ɗaya ragar. Na ga koci ya daina kallon inda nake.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ƙawata ta finciko ni. "Kai, me ya same ka?" Haka take ce wa kowa, mace ko namiji.

Na zame ɗankwali. Ta duba, ta ce, "Yesu! Wa ya yi maka wannan mugunta?"

Ba ta jira amsa ba ta danna ni ƙasa, ta kira mutum biyu. Ɗaya da murfin biro, ɗaya da tsinken tsintsiya, ita da farce, suka hau tsifa. Ina ihu ina cewa Mama za ta kashe ni, suna cewa in bari sai an tashi wasa ta kashe ni. Kafin a busa usur sun tsefe daga goshi zuwa tsakiyar kai, bayan yana nan da shukunsa. Na ɗaure abina na koma fili.

Ƙwallo biyu na ci, duka da ka. Ta biyun har da mai tsaron ragar na tura ciki. Koci ya nuna ni da biro ya ce Litinin in zo atisaye. Daɗi kamar ya kashe ni, har sai da keke napep ya sauke ni a ƙofar gida, tsoro ya dawo sabo.

Mama ta riga ta ci ado, tana jirana. Ta cire ɗankwalin da kanta. Ta daɗe tana kallon kan nan, gaba a tsaye kamar tsintsiya, baya a kitse.

"An ɗauke ki?"

"An ɗauke ni, Mama."

Ta yi tsaki, ta ajiye jakarta da mayafi, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Muna jin 'yan biki suna ta kiran wayarta, ko kallo ba ta ishe ta ba. Ta shafa mai, ta ɗora yatsa a saman goshina.

"Da nan kike dukan abin?"

Na ce e.

Ta ce, "To, riƙe kanki da kyau. Nan ɗin sakwa-sakwa zan yi miki."