Mun Rufe Fuska, Mun Manta da Jere

Ba lalatacce aka haife ni ba. Da wannan nake so in fara, don kada matashin da ke karanta labarina ya ce ai wannan dama can ɗan iska ne, ni ba irinsa ba ne. Ni ma ɗan mutunci ne a da, mai salla a kan lokaci, mai durƙusawa in gaida manya.

A wani ƙauye kusa da Yekuwa aka haife ni, ni ne auta. Inna ta rasu ina da shekara bakwai, sai yayata Barira ta zama uwata. Da ta yi aure a Magarya ta tafi da ni, ta sa ni lakwal, wato makarantar boko. Mijinta, Malam Isuhu, ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi, bai taɓa nuna mini cewa ni ba ɗansa ba ne. Ita kuma Yaya Barira man gyaɗa da ƙuliƙuli take yi, tana kaiwa kasuwannin ƙauye.

Sau biyu na zauna jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare, sau biyu na faɗi. Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Ta sayar da tumakinta biyu, ta saya mini farantin sola da batir, na kafa teburin sharjin waya a kusa da tasha. Ranar da na fara, cewa ta yi, "Auta, wayar mutum amana ce. A yadda aka ba ka, haka za ka mayar." Na ce to, kamar yadda na saba cewa to ga komai.

Ɓarnata ta farko ƙarama ce, har ban ɗauke ta ɓarna ba. In rana ta yi zafi babu masu zuwa, sai in ɗauki wayar wani in buɗe, in kalli hotunansa, in karanta saƙonninsa. Ina ce wa kaina ai ban ɗauki komai ba. Daga nan na fara tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya suna biya. Wata rana wani direba ya rage murya ya tambaye ni ko ina da irin na manya. Ba ni da su a ranar, amma kafin sati ya zagayo na samo.

A nan Sale ya same ni. Sale abokina ne tun muna lakwal, ya yi shekara huɗu yana ci-rani a ƙasashen bakin teku ya dawo da wayoyi biyu da agogo mai nauyi. Ya zauna a bencina ya kalli yadda nake karɓar dala goma-goma, ya yi dariya ya ce, "Kai har yanzu tsintar gero kake a masussuka." Ya bayyana mini wata sana'a: akwai maza a ƙasashen waje da ke biyan kuɗi don mace ta zauna gaban kamarar waya ta nuna musu jikinta kai tsaye. Shi ya san hanyar samun mutanen da karɓar kuɗin. Abin da yake nema shi ne mace, da ɗaki, da mai riƙe waya.

Na ce masa wannan ai haramun ne. Ya ce, "Wa ya taɓa wani? Hoto ne kawai. Kuma za a rufe fuska. Fuska ita ce mutum, in babu fuska babu kowa." Na kwana biyu ina juya maganar. Gaskiya ba Allah nake tunani ba a kwanakin nan, agogon Sale nake tunani.

Matar da muka samu ba zan faɗi sunanta ba, ta sha wahalar da ta ishe ta. Bazawara ce, ta haura shekara talatin, tana sayar da shinkafa da wake a tasha, tana riƙe da 'ya'ya uku da tsohuwar uwa. Ni na yi mata magana, domin ta yarda da ni. Na ce mata sau ɗaya ne a sati, ba zai hana ta sana'arta ba, kuma abin da za ta samu a yini guda ya fi na tukunyarta a sati. Ta daɗe tana goge faranti ɗaya kafin ta ce, "Ka rantse ba za a ajiye hoton ba, in an kashe waya ya wuce." Na rantse mata da Allah.

Saura ɗaki. Nawa a zaure yake, bangon duk ya tsage, Sale ya ce masu kallo ba za su biya kuɗin kirki a kan wannan kangon ba. Sai na tuna da ɗakin Yaya. Duk ranar kasuwar Dungas tana fita da sassafe da jarkokin mai, ba ta dawowa sai gab da magariba. Malam Isuhu yana rumfarsa, yara biyu suna lakwal daga can su wuce gidan kakarsu. Makullin ɗakin kuwa a hannuna take barinsa.

Ɗakin Yaya ba shi da na biyu a unguwarmu. Matan danginmu ne suka zo tun daga Yekuwa suka yi mata jere lokacin biki, kwanoni da tasoshi hawa-hawa tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma kullum tana goge su. A can ƙololuwa, inda kowace mace ke ɗora kwanon da ya fi tsada, ita ƙwaryar Inna ta ɗora. Tsohuwar ƙwarya ce da ta taɓa fashewa, Inna ta ɗinke ta da hannunta, ɗinkin ya ratsa ta daga baki har gindi. Duk macen da ta shiga ɗakin sai ta tambayi labarinta, wasu su yi dariya, Yaya ta ce a bar mata kayarta a inda take.

Ina ganin kaina mai wayo ne ƙwarai. Na sa matar ta rufe fuska da niƙabi, na sa ta cire zobe da awarwaro, na duba ko akwai lalle a hannunta, na hana ta yin magana. Na duba komai a jikinta. Amma ni namiji ne, shekara goma ina shiga ɗakin nan ban taɓa ɗaga kai na dubi jere a matsayin wani abu ba. A wurina kwano kwano ne.

Mun yi wata huɗu a haka. Da hantsi matar za ta shigo ta ƙofar baya, kafin azahar ta fita, in share ɗakin in gyara shimfiɗa. Yaya ta dawo a gajiye, ta miƙo mini tsarabar rake ko ɗanwake, in karɓa in ce an gode. Na sayi agogo, na sayi sabuwar waya. Ta ga haka ta yi murna, tana gaya wa maƙwabta teburin autanta ya yi albarka.

A wata na biyu ne na karya rantsuwata. Sale ya ce asara muke yi, abin da aka kalla sau ɗaya ya wuce, alhali in an ɗauka za a sayar da shi sau ɗari. Na fara ɗauka a ɓoye, matar ba ta sani ba. Ya ce can nesa zai sayar, inda ba a taɓa jin sunan Magarya ba. Ni da nake tura wa mutane finafinai daga waya zuwa waya, ni ne na yarda cewa bidiyo yana zama inda aka ajiye shi.

Bidiyon ya dawo gida kafin kaka. Maza da yawa sun kalle shi a garin ba su gane komai ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta gan shi a wayar mijinta, ba ta ma tsaya kallon matar ba, idonta ya tafi bango. Ta ga jere, ta ga ƙwarya mai ɗinki a sama. Kafin kwana biyu babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Kuma abin da ban taɓa lura da shi ba, matar nan da Yaya tsawonsu ɗaya, launin fatarsu ɗaya.

Bayan la'asar Malam Isuhu ya tara mu a tsakar gida, shi da wansa. Ya miƙa wa Yaya waya. Ta duba sau ɗaya ta kau da kai, ta ce, "Malam, ɗakina ne, amma wallahi ba ni ba ce. A kawo Alƙur'ani in dafa." Wansa ya ce, "To wa ke riƙe makulli in kin tafi kasuwa?" Ina tsaye a jikin randa. Yaya ba ta dube ni ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da shi nake tafiya."

Kalma uku kawai ake bukata daga bakina: ni ne, Malam. Ban faɗa ba. A gabana ya rubuta mata takarda, a gabana aka raba ta da 'ya'yanta, ƙaramar tana riƙe da zaninta tana kuka. Ni na ɗora mata kaya a mota zuwa ƙauye, har ina ce mata ta yi haƙuri, Allah zai bayyana gaskiya. Ban san mutum yana iya kaiwa nan a rashin kunya ba sai da na ji shi a bakina.

Kwana ashirin da uku na yi shiru. Ina jin labari daga masu zuwa kasuwa cewa ba mai sayen manta, kuma in ta je rijiya mata sai su ajiye guga su jira ta gama ta tafi. Na daina cin abinci sosai, amma ban daina buɗe teburina ba.

Da zan ce ni na kai kaina, da na ƙara wata ƙaryar. Matar da na yaudara ce ta tafi wurin jandarma da ƙafarta. Ta san za ta tona wa kanta asiri, ta san 'ya'yanta za su ji, amma ta ce ba za ta iya kallon wata tana ɗauke da kayanta ba. Ita da na ɗauka na saya da kuɗi ta fi ni zuciya nesa ba kusa ba. Aka zo aka kama ni a tasha da rana tsaka. Sale ya riga ya tsallaka iyaka, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

A gaban mai shari'a ban musa komai ba. Aka yanke mini shekara biyu a kaso, wato gidan yari, saboda ɗaukar hoton mace a ɓoye da yaɗa shi. Ba zan cika ku da labarin kaso ba, zafi ne da ƙwarƙwata da tuwon da ba ya cika ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙullin ƙuliƙuli da wani direba ke kawo mini duk wata, ba saƙo, ba suna. Na san hannun da ya murza shi.

A can na ji cewa Malam Isuhu ya tura manya biko har sau uku. Yaya ta ƙi. Abin da ta ce musu shi ne, "Shekara goma sha ɗaya muna tare, ya gane kwanonina bai gane ni ba." Yaran suna wurin ubansu, sai da salla ake kai mata su. Ita kuma waccan matar ta bar garin da iyalinta.

Ranar da aka sake ni ban tsaya a Magarya ba. Na shiga mota, na ƙarasa a amalanke. Na tarar da Yaya a tsohon gidanmu tana suyar gyaɗa, ta rame, furfura ta fito mata. Ɗakinta babu kwano ko ɗaya a bango, duk ta sayar. Na durƙusa a gabanta. Ta tashi ta ɗebo mini ruwa, sai da na kai baki na ga a ƙwaryar Inna ne.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Auta, tun da na kalli wayar nan na san kai ne." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce, "In na faɗa, wan Malam zai iya kashe ka a tsakar gidan nan. Kuma na ɗauka za ka faɗa da bakinka. Kowace safiya in na ji ƙarar mota sai in ce ga autana nan ya zo ya wanke ni." Ta juya gyaɗarta, sannan ta ce, "Na yafe maka, don Inna. Amma kwanakin nan da na yi ina jira, ban san yadda ake manta su ba."

Yanzu noma nake yi, ni ke kai mata mai kasuwa a ka. Na tuba ga Allah, ina roƙon Ya karɓa. Amma tuba ba ta mayar wa Yaya ɗakinta ba, ba ta mayar wa yara uwarsu ba.

Ku matasa, ga abin da nake roƙonku. In an ba ku amanar waya, kada ku buɗe. In wani ya zo muku da sana'ar da sai an rufe fuska ake yinta, ku tashi daga bencin. Kada ku yarda da mai ce muku hoto ne kawai, kuma kada ku tura irin wannan bidiyon ko da ba ku kuka ɗauka ba, domin akwai 'yar wani a ciki, akwai ɗakin wata a bayanta. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, aka ɗora wa wani laifinku a gabanku, ku buɗe baki a ranar. Na gama shekara biyun da mai shari'a ya yanke mini, an buɗe ƙofa na fito. Kwana ashirin da ukun da Yaya ta yi tana sauraren ƙarar mota, su ne har yau ban fita daga cikinsu ba.