Ɗakin Mutum Biyu da Jariri da Keken Ɗinki

Duk wanda wandonsa ya taɓa yagewa a layin nan ya san Inna Tela. Shagonta yana daidai kwanar mai faci, ɗan ɗaki ne da in mutum uku suka shiga dole ɗaya ya bar ƙafa guda a waje. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da wani baƙin keken ɗinki na takawa, ba ta taɓa sa wa ƙofar shagon kwaɗo da rana tsaka ba. Da keken nan ta ciyar da su, ta tufatar da su, ta tura su makaranta, har Autarta ta zama nas. An sha ce mata ta sayi na lantarki, ita kuwa ta ce ba ta aiki da abin da sai an kawo wuta yake tunawa da sana'arsa.

Maganar hutu kuwa kada ma a taso mata da ita. A wurinta hutu ciwon masu albashi ne. "Mutum ya bar gadonsa," in ji ta, "ya je ya kwanta a kan wanda bai san wa ya tashi a kai ba, wai ya huta. Allah ya shirya."

Ana nan sai Auta ta haihu. Namiji, ƙato, lafiyayye, ga murya. Mai faci ne ya raɗa masa Jiniya, domin ranar da aka fara shigowa da shi layin ya buɗe baki, wani mai babur ya kauce gefen titi yana waiwaye. A goya shi, kuka. A sauke shi, kuka. A ba shi nono ya sha ya ƙoshi, ya ɗan numfasa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce ba abin da ke damunsa. Ai kuwa gaskiya ya faɗa, mutanen gidan ne abu ke damu.

Maganin ma a kan kuskure aka gano shi. Wata safiya Auta ta zo da shi shago, babu wurin ajiye shi sai ƙasa, aka shimfiɗa masa 'yar katifa dab da ƙafar keke. Inna tana da rigar da za a zo karɓa, ta ce kukansa ba zai hana ta neman abinci ba, ta hau takawa. Kafin ta kai ƙarshen hannun riga yaro ya yi ɗif. Ta tsaya za ta sa zare, ya buɗe ido ɗaya. Ta taka, ya rufe.

"Ka ga angon nan nawa," in ji Inna, don haka take tsokanar jikan, "tun yanzu ya san in mace ba ta aiki ba a barci."

Sai a ce ai an samu sauƙi, Auta ta riƙa kawo shi ta koma gida ta kwanta. Ina! Wa zai bar ta? Mutanenmu, Allah ya yafe musu, in suka ce sun zo ganin jariri sai ka ɗauka haya suka kama. Su zauna tun hantsi, a ce musu yaron ma ba ya gidan, su ce ba komai za su jira. Su dube ta su ce, "Kai, kin rame, ki riƙa hutawa mana," sannan su tambaya ko akwai ruwan zafi. Ga wanki, ga girki, ga ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta kai tana zuba gishiri a shayi. Ta sa wayarta a firji ta yini tana nema. Ranar da Inna ta same ta jingine da ƙyaure, a tsaye, tana barci da jiƙaƙƙen ƙyallen yaro a hannu, ranar ta san abin ya wuce wasa. Hutun haihuwa ya zo ƙarshe, kuma wannan yarinyar da ba ta bambance sukari da gishiri ita za a miƙa wa allura a ce ta tsira wa bayin Allah.

Mijin Auta, Malam, malamin makaranta ne, mutumin kirki, sai dai ko ruwa za a yi sai ya tambayi wayarsa kafin ya ɗaga kai ya dubi sama. Shi ya kawo shawarar su tafi bakin wani tafki su yi 'yan kwanaki, inda babu wanda ya san su balle ya zo gaisuwa. Inna ta buɗe baki za ta yi huɗubarta a kan hutu, ta dubi idon 'yarta, ta haɗiye.

"To, Jiniya fa?" ta ce.

Malam ya yi murmushin wanda ya riga kowa tunani. Ya naɗi ƙarar keken a waya, ya kai yaron gida, ya kunna masa. Jiniya ya saurara kamar alƙali a gaban mai shaidar zur, sannan ya yanke hukunci da murya mafi ƙarfi. Ashe ba kunnensa kaɗai ke ji ba, har da bayansa. Girgizar da ƙafar keke ke yi wa daɓe yake so. Ba makawa, in za a tafi da yaro sai an tafi da keke.

Malam ya zauna a kan bencin shago yana nuna wa Inna hotunan masaukai: gadaje farare tas, tawul an naɗe shi kamar agwagwa. Inna ta ce ita ma in ta ga dama tana iya ɗinke gaban riga ta bar bayan a buɗe ta ɗauki hoto. "Ba ni lambarsu, Malam. Da baki ake ciniki."

Wadda ta fara ɗauka wata yarinya ce mai murya kamar an shafa mata zuma.

"Muna maraba da iyali, Mama. Wurinmu shiru ne, ba abin da za ku ji sai kukan tsuntsaye."

"To za a ƙaro musu ɗaya."

"Na'am? Jaririn yana kuka ne?"

Don Allah a ji tambaya. Jariri ne fa aka ce, ba buhun auduga ba. Su rubuta da manyan baƙaƙe wai suna maraba da iyali, ashe iyalin da ba ya numfashi suke nufi.

"A'a," in ji Inna, "jarida yake karantawa." Ta kashe.

Na biyu namiji ne, ya ce akwai gadon jariri, akwai butar dafa ruwa, akwai komai. Inna ta ji daɗi, ta kawo zancen keke. Ya ce su ba sa barin sana'a a ɗakuna. Ta ce ba sana'a ba ce, magani ne. Ya ce bari ya tambayi manaja, ya haɗa ta da wani kiɗa. Ta yi ta riƙe da waya a kafaɗa tana ɗinki har ta gama kalmasa siket, manaja bai zo ba, kiɗa bai ƙare ba. Na gaba sun yarda da komai, amma ɗakin yana can saman bene, matakala ce kawai. Malam ya dubi ƙafafun ƙarfen keken, ya shafa ƙugunsa, ya ce a gwada wani wurin.

Da rana ta yi zafi sai Malam ya sassauta murya. "Inna, me zai hana mu kama ɗakin kawai? In mun je sai mu lulluɓe keken da zani mu ce teburin yaro ne."

Inna ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Malam, kai ne aka damƙa wa 'ya'yan mutane ka koya musu tarbiyya?"

Ya ce wasa yake yi. Ta ce ta sani.

Saura wuri ɗaya a can ƙasan wayar, wanda hotonsa ma rabin yatsan mai ɗauka ya rufe. Aka buga, wata tsohuwar murya ta ɗauka.

"Wa ye?"

"Ikon Allah. Ke wace irin mai masauki ce, ba ko gaisuwa?"

"Irin wadda hannunta ke cikin wanki. Faɗi abin da ya kawo ki, kumfa na shiga mini waya."

Nan take Inna ta ji ta samu mutum. Ta zayyana mata komai ba rufa-rufa: uwa da ba ta barci, uba mai waya, yaro mai murya, keke mai nauyi. Don kada a ce ta yi ƙari, ta ɗauke ƙafarta daga keken ta miƙa wayar saitin katifa. Jiniya bai ba ta kunya ba.

"Ya isa! Ya isa, baiwar Allah, taka!" Da aka samu shiru tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. "Na haifi irinsa. Yanzu yana nan da gemu, ko magana ba ya son yi. Akwai ɗakin ƙarshen baranda, a ƙasa, kusa da wurin shanya. Ku nawa ne?"

"Uwa, uba, jariri, keke."

"Keken shi ke taka kansa?"

Yini guda ana neman ɗaki, mutum uku da hankalinsu, babu wanda ya tuna cewa keke yana bukatar ƙafa.

Malam ya ce ai abu ne mai sauƙi, shi zai taka. Aka tashi aka ba shi kujera. Ya taka, keke ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe, allura ta ce ƙas. Jiniya ya buɗe baki har mai faci ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Inna ta ture surukinta ta zauna tana faɗa. Ita fa ba inda za ta. Ga kayan mutane jibge, ga masu zuwa awo, shagon da ko ranar da haƙori ya kumbura mata fuska ba ta rufe ba shi za ta rufe don ta je kallon ruwa? Ta juya ta ce, "Ke Auta, ki faɗa wa mijinki..." Ba ta ƙarasa ba. Auta ta kife a kan tarin ƙyallaye, baki buɗe, wani guntun leshi manne a kumatunta.

Inna ta ɗauki wayar, tsohuwar na nan ba ta kashe ba.

"A ƙara ɗaki ɗaya."

"Da ma na ƙara," in ji mai masauki.

Ranar tafiya mai faci ya ga kwaɗo a ƙofar shago da safe, ya cire hula ya fara tambayar wa ya rasu. An ɗaure ƙafafun keken a saman mota, kan keken kuwa Inna ta rungume shi a cinya, ta ce ba ta yarda da igiyar Malam ba.

Masaukin ya fi hotonsa kyau, wanda ba abin yabo ba ne. Doguwar baranda, ɗakuna a jere, igiyar shanya cike da zannuwan gado, tafki yana can bayan bishiyoyi. Aka haɗa keke a ƙofar ɗakin ƙarshe, aka shimfiɗa katifa a gindinsa. Auta ta hana a taho da ɗinki ko ɗaya, don haka Inna ta zare allura, ta hau taka keke ba zare ba ƙyalle, abin da da ta ga wani yana yi sai ta ce a kai shi asibiti. Yaro ya yi barci. Auta ta shiga ɗaki da niyyar ajiye jaka, ba a sake jin motsinta ba.

Can sai ƙofar ɗakin kusa ta buɗe. Wani mutum mai tumbi da tabarau ya fito riƙe da littafi, ya ce shi fa ya baro gari ne don ya samu shiru, wannan wane irin rashin tsari ne, masauki ko masaƙa? Inna ta ɗauke ƙafafunta ta harɗe su. Jiniya ya buɗe baki. Tsuntsayen da ke kan igiyar shanya suka watse. Wani kare ya amsa daga nesa. Mutumin ya tsaya da littafinsa a ƙirji kamar garkuwa.

"Mama," ya ce, "don girman Allah ci gaba."

"Ka tabbata? Kada in takura maka."

"Na tabbata."

Bayan azahar har ruwan sanyi ya kawo mata da kansa.

Da rana ta fara sanyi Malam ya fito sanye da hular rana, ya ce bari ya tashi Auta, an ce wannan ne lokacin da tafkin ya fi kyau, har ya yi magana da mai kwalekwale. Inna ta ɗauki almakashi ta nuna shi da shi, ƙafa ba ta fasa takawa ba.

"Malam, ina ganin girmanka. Ka taɓa ƙofar nan ka gani."

"Inna, ai don tafkin muka zo."

"Kai ka zo don tafki. Ruwa ne, akwai irinsa a famfo. Je ka gani ka ɗauko mata a waya."

Haka ya tafi shi kaɗai da hularsa.

Sai da inuwar bishiyoyi ta rufe baranda Auta ta fito, shatin matashi a fuska, idonta ya washe, har ta gane takalminta ba tare da an nuna mata ba. Ta tsaya tana kallon ɗanta yana barci, sannan ta dubi ƙafafun uwarta, sun kumbura sun cika silifa. Ta je wurin mai masauki ta dawo da roba cike da ruwan ɗumi ta ajiye a gefen keke.

"Inna, sa ƙafarki."

"In sa, wa zai ji da angon?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

Inna ta yi tsaki, amma ta zare ƙafar hagu ta tsoma a ruwa, ta dama tana ta aikinta. Ɗumin ya ratsa ta har ta lumshe ido ba ta sani ba. Auta ta durƙusa za ta matsa mata, sai ta janye ƙafar, ruwa ya fantsama.

"Tashi ki ci abinci ki koma ki kwanta," ta ce. "Ban rufe shagona don ki zo nan ki yi mini aikin nas ba."