Wayar Butar Shayi

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a tsakiyar Zongon Kwatano ina zazzaga wa dattijo masifa a kan laifin da ni na aikata.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, ranar kuma ita ce ta sutanans ɗina, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare kundinsa. Ƙarfe uku aka ba ni. Duk abin da zan nuna musu yana cikin laftof ɗina, kuma don tsabar wayo ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Kwana huɗu kafin nan koko ya zube mata a kan madannai, na kai ta wurin wani Bakano mai gyara, sa'an mahaifina, da ke da rumfa kusa da masallaci. Ana gobe ya miƙo mini ita, ya kunna a gabana da cajarsa, ta kawo tas.

Da safe na danna, shiru. Na ce batir ne, na jona caja, ko ɗan hasken nan bai leƙo ba. Na sauya soket, na cire batir na mayar, na danne maɓallin har yatsana ya yi fari. Innata ta ce in shanya ta a rana, wataƙila sauran kokon ne bai bushe ba. Tana ta mita kuma, wai yau komai na gidan ya yi yaji, ga butar shayi ta lantarki ma tun jiya ta mutu. Ban ko saurare ta ba, tsoro ya riga ya koma mini fushi.

Na tare zem, ɗan acaɓanmu na Kwatano, na rungume laftof da caja sai rumfar. Ko sallama ban yi ba.

"Baba, ka kashe mini ordinata! Dama an ce aikinku na 'yan Najeriya na yini ɗaya ne."

Mai shayi ya bar zuba shayi, masu sayar da yadi suka leƙo. Dattijon ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya jona cajarsa, ya danna, sai ga allo ya haska. Na ji kunya ta fara taso mini daga ƙafa, amma bakina bai daddara ba.

"To a gida me ya hana ta?"

"Kawo taki cajar, 'yata."

Ya zare wayar da ke shiga bango, mai kan nan mai ƙafa uku irin na Najeriya, wanda sai da adafta yake shiga soket ɗinmu. Ya kwance kan, ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa babba.

"Irin namu akwai fis a ciki, ga shi ya ƙone. Laftof ba ta ƙona wannan. Me kika jona da ita?"

Nan take butar Inna ta faɗo mini a rai. Wayar butar ce ta ɓace, ni kuma na ga ta cajar tana zaune ba aiki, bakinsu iri ɗaya, na soka mata don in dafa shayin karatu. Ruwa bai ko yi ɗumi ba ta ɗauke, na ɗora wa buta laifi.

"Buta," na ce, da muryar da ni kaɗai na ji.

"Me?"

"Butar shayi, Baba."

Mai shayi ya yi dariya har da riƙe ciki. Dattijon ya murmusa kawai, ya naɗe cajarsa ya sa mini a jaka.

"Ki je ki ci jarrabawarki. In kin dawo sai ki ƙarasa faɗan, ina nan."

Na ci, da sakamako mai kyau ma. Amma komawa rumfar da yamma ya fi mini tsayawa gaban malamai wuya. Na durƙusa a daidai inda na yi masifar, gaban mutanen da suka ji ta, na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, ya tambayi lafiyar buta.

Tun ranar, in abu ya lalace, kafin in nemi mai laifi sai na zauna na tuna abin da hannuna ya taɓa jiya. Sau da yawa a nan binciken yake ƙarewa.