Allura a Gwiwar Mai Waina

Sojojina sittin da huɗu ne, kuma da hannuna na yi kowane ɗaya. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, muna haya a wani gida mai ɗakuna da yawa a unguwar Ketaren Gwari a Minna, mahaifina yana akawu a tashar jirgin ƙasa. Ni yaro ne marar magana. Idan baƙo ya gaishe ni sai na duba ƙasa tukuna, kamar a can na ajiye amsar. Malamanmu sun fi sanin rubutuna da muryata.

A ɗakin karatu na makaranta na fara ganin abin, cikin wata tsohuwar mujalla da bangonta ya cire. Hoton waɗansu Turawa ne, manya, da gashin baki da komai, sun sunkuya kan tebur suna auna tazarar 'yan sojojin dalma da rula. Na nuna wa abokin zamana a benci, wani ɗan Gwari mai surutun da ya ishe mu mu biyu. Ya ce in dai dalma ce matsalar, uwarsa maginiyar tukwane ce, yumɓu har ya yi musu yawa a gida.

Haka muka soma. Kowane soja tsawon ɗan yatsana na tsakiya, na kuma yanki tsinke na awo don kada wani ya fi wani. Ashana ce bindiga. Katakon da ake naɗa zaren keken ɗinki shi ne igwa. Idan sun bushe sai uwar abokina ta zuba su cikin tukunya ta gasa su tare da kayanta, tana dariya tana cewa ba ta taɓa dafa mutane da yawa haka ba. Abokina yakan ƙera goma kafin in gama ɗaya, amma nasa duk kamar dankali suke da aka dasa wa ƙafa. Shuɗin bula yake tsoma su ciki gaba ɗaya, shi ke nan an gama. Ni kuwa nakan kwaɓa jar ƙasa da ƙaro don fuska, in ƙulle gashin wutsiyar akuya a tsinke in yi buroshi, in zana maɓallan riga guda huɗu huɗu. Idanu su ne abin alfaharina. Ɗigon farar ƙasa biyu, sannan ɗigon tawada a tsakiyar kowanne da bakin ƙaya. Yanzu na yarda farin ya yi yawa. Duk rundunar tana zare ido kamar an sanar da ita mutuwa.

Dokokin wasan ni na rubuta su a littafin makaranta mai layi. Mai tafiya a ƙasa inci uku, mai doki inci shida, igwa ba ta harbi sai an ga abin harbin. Tebur babu, sai muka kwantar da wani tsohon ƙyaure a bayan madafi, muka zuba masa yashi, muna zana kogi da hanya da yatsa. Ɗan ludo ma babu, na abokina ya faɗa rijiya. Sai na ɓanɓaro wuri huɗu daga jikin tsohuwar ƙwaryar kakata. A watsa, wanda ya faɗi baki sama harsashi ne ya samu. Muna yi muna magana ƙasa ƙasa, ni saboda hali, shi saboda na roƙe shi. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba yadda abin zai yi kama ga mai wucewa: yara biyu sun durƙusa gaban yashi, suna zane da yatsa, suna watsa wuri, suna ƙunƙuni, ga 'yan mutum-mutumi jere.

Mai wucewar kuwa akwai ta. Iya ce, mai sayar da waina, wadda ɗakinta yake gabas da namu. Mace ce mai jiki, tana ɗaura kallabi ya karkace zuwa kunnen hagu, kuma ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Duk wainar da ta ƙone a gefe tawa ce.

Muna da babban yaƙi ranar wata Asabar, wanda muka shafe wata biyu muna shiri. A makon ne wani ma'aikacin tasha ya ba ni ragowar koren fenti a gwangwanin madara, na sake yi wa rundunar kaki gaba ɗaya. Fentin mai ne, ba ya bushewa da wuri, yana son ranar safe. Wurin da ranar safe ke fara sauka a gidan shi ne dakalin ƙofarmu. Na jera su sahu takwas, kowa ya fuskanci gabas don gaban rigar ya sha rana. Gabas kuwa ƙofar Iya ce.

Akwai kuma wani abu. Na karanta cewa runduna ba ta tafiya sai da mai dafa abinci, ni kuma mai dafa abinci ɗaya na sani sosai. Na ƙera ta da tanda a gabanta, da kallabi a karkace, har da 'yar wushiryarta. Ta fi duk abin da na taɓa ƙerawa kyau. Sai dai jikin ya fi ƙarfin ƙafafun, ɗanyen yumɓun yana ta lanƙwasa a ƙafar dama. Na ɗauki allurar mahaifiyata na soka ta gwiwa har cikin ɗan katakon da na tsayar da ita a kai, don ta riƙe kafin ta bushe. Na sa ta a gaban sahu. Na rubuta a littafina, kamar yadda nake rubuta komai, cewa ranar Litinin na sa wa mai waina allura a gwiwar dama.

Litinin ƙullun Iya ya ƙi tashi. Talata ma haka, wainar ta fito a kwance kamar tafin takalmi. Laraba ta tashi da ciwon gwiwa. Da ma tana da shi tun kafin a haife ni, amma ran nan ta lura da shi sosai. Ta fito tana ɗingishi, ta ga idanu ɗari da ashirin da takwas suna kallon ƙofarta, ta matso, ta sunkuya, ta ga kanta.

Da na dawo daga makaranta na tarar da turmi a tsakar gida. Iya tana zaune kusa da shi da taɓarya a kan cinya. Mahaifina yana tsaye da littafina a hannu, bai ko cire hular aiki ba. Matan gidan sun leƙo daga ƙofofinsu. A kujera kuma ga mai gidan, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, wanda ya yi yaƙi a ƙasashen waje tun zamanin Turawa, ya dawo da kunne ɗaya mai ji.

Mahaifina ya karanta layin Litinin a fili, a hankali, yadda yake karanta takardar kaya a tasha. Ya tambaya ko rubutuna ne. Na duba ƙasa. Iya ta ce ita ba ta zargin yaron, yaron kirki ne, wani ne ya koya masa, ta kuma gan su da idonta suna bugun ƙasa a bayan madafi. Mahaifina ya ce shi bai yarda da irin waɗannan abubuwa ba, amma ba zai zauna gida ɗaya da maƙwabciya tana kwana da tsoron ɗansa ba. Ya ba ni zuwa kiran la'asar. In na yi bayanin da ya gamsar da Iya, to. In ban yi ba, duka sittin da huɗun za su shiga turmi, kuma ni zan daka.

Na buɗe baki. Na san duk abin da zan faɗa, a jere yake cikin kaina kamar dokokin littafin. Abin da ya fito shi ne, "Inci uku."

"Me ya ce?" in ji Saje.

"Ya ce inci uku, Baba."

"Na mene ne?"

Sai na juya na tafi bayan madafi, kowa ya ɗauka gudu zan yi. Na jawo ƙyauren har tsakar gida, yashin yana zuba, na durƙusa na gyara shi. Na zana kogi. Iya ta ja kujerarta baya tana karanta abin da ta sani. Na ɗauko sojoji ashirin na jera a wannan gaɓa, ashirin a waccan, fentin yana manne mini a yatsu. Na ajiye igwa a bakin kogi, na ɗauko rula.

Saje ya miƙo wuya. Ya tambaya wane ne ya ajiye igwa a nan. Na nuna kaina. Ya ce a kwari? Igwa a kwari, ga tudu can babu kowa a kai? Ya ce da a hannunsa nake da na yi mako ina share bariki. Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya durƙusa, ya tara yashi da tafin hannu ya ƙara wa tudun tsawo, ya ɗora igwar. Na ce masa, kuma wannan ce doguwar magana ta farko da na yi a gidan, igwa ba ta hawa tudu a motsi ɗaya, doka ta tara. Ya ce wa ya kafa dokar. Na ce ni. Ya karɓi littafin daga hannun mahaifina, ya duba, ya mayar masa, ya ce a karanta masa doka ta tara da ƙarfi, ta wajen kunnen kirki.

Daga nan bakina ya buɗe, don ba da mutane nake magana ba, da dokoki nake. Na bayyana inci uku da inci shida. Na bayyana wurin, na watsa, biyu suka faɗi baki sama, na kwantar da sojojin Saje biyu. Ya ce ƙarya ne, a sake. Mahaifina, wanda ya zo yanke hukunci, ya tsuguna yana riƙe rula yana cewa a'a Baba, doka ta ce sau ɗaya. Aka kira la'asar Saje yana neman a ba shi masu doki.

Iya ta buga taɓarya a ƙasa. Ta ce duk ta ji, wasa ne, ta yarda, tunda ga tsofaffi sun zama yara a gabanta. Amma ita me ta yi da za a kai ta yaƙi, kuma me ya kawo allura?

Na ce runduna ba ta tafiya sai da mai abinci, kuma duk Minna babu wainar da ta kai tata. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. Allurar kuwa, na ce, ƙafar ce ta kasa ɗaukar jikin. Da na faɗa na ji abin da na faɗa. Matan ƙofa suka toshe baki. Iya ta dube ni, ta dubi 'yar siffar.

"To ai ni ma tawa ta kasa," ta ce. "Cire."

Na zare allurar. Yumɓun bai gama bushewa ta ciki ba, sai mai wainar ta sulale a hankali ta zauna daɓas a gaban tandarta. Iya ta ce yauwa, shekara talatin tana son wani ya ce mata ta zauna. Ta ɗauke ta ta ƙulle a bakin zane, ta ce wannan ta bar aikin soja daga yau.

Na ɗauka an gama, ashe saura idanu. Ta ce ba za ta riƙa fitowa da safe wasu suna zare mata ido ba, ko na yumɓu ne. Ko a daka su, ko su daina kallo. Na ce zan juya su yamma. Matar da ke ɗakin yamma ta ce ba ta yarda ba. Saje ya yi tunani ya ce soja ma yana barci, a rufe musu ido kawai. Mahaifina ya ce hukunci ya yi.

Alhamis da Juma'a na yi ina wannan aiki. Na shafe kowane ido da jar ƙasa, na ja ɗan siririn layi na tawada a wurinsa, mai lanƙwasa ƙasa. Tunda zan yi, na yi shi da kyau, har da gashin ido uku uku. Da na gama sai ga runduna riƙe da bindigogi, a tsaye cak, kowa yana sharar barci cikin natsuwa. Iya ta zo ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce yanzu sun yi kama da 'ya'yan mutane.

Ƙullunta ya tashi ranar Juma'a. Ni na san dalili, don na rubuta shi: tsohuwar tukunyar ƙullun ce ta fashe ranar Lahadi, sabuwar kuwa sai da ta kwana biyar kafin ta kama tsami. Ban faɗa wa kowa ba. Iya ta ajiye 'yar siffar kusa da murhu, inda wuta ta gasa ta a hankali har ta yi ƙarfi, kuma ta ce gwiwar ta yi sauƙi, sai dai ciwon ya koma ta hagu.

Asabar abokina ya iso da dankalinsa shuɗaye cikin kwando. Ya dubi rundunata, ya nemi littafin dokoki, ya buɗe doka ta goma, ya karanta da kansa: igwa ba ta harbi sai an ga abin harbin. Ya tambaye ni da wane idon za su gani. Na duba littafin daga farko har ƙarshe. Ni na rubuta, kuma babu inda na ce ana gani da ido a rufe. Saje, da ya zo kallo da kujerarsa, ya ce yaron Gwari ya yi gaskiya.

A motsi bakwai ya cinye ni. Sojojina suka faɗi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko ɗaya ya farka ba. Na kwashe su na ƙirga, sittin da huɗu cif, na goge musu yashi na mayar da su cikin kwalinsu. Iya ta aiko mana da waina mai zafi a faranti, wadda ba ta ƙone ba.