Taya Mai Farin Gefe

Besfata ta girmi babban ɗana. Na saye ta tun ina iya ɗora buhun albasa a kai ba mai kama mini. Shuɗiya ce a da, yanzu ba ta da launin da za a kira. Masu irinta a Jega sun mutu, ko 'ya'yansu sun sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Saura ni.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan hau ta in tafi Maiyama wurin yayata. Muna da yawa a ɗakin uwarmu, mu biyu muka rage. Ta makance da daɗewa, tana zaune a gidan jikanta. Tun ina bakin kwalta take jin ƙarar besfar, ta sa a shimfiɗa tabarma, ta laluba ta dama fura da hannunta. Ita kaɗai ta rage a duniya mai ce mini Auta, ni da furfura har gira. Ba wata hira muke yi ba. Mu zauna, ta tambayi mutanen da suka mutu, in ce mata sun mutu, in sha fura in dawo kafin magariba.

Shekarar da nake magana a kai na faɗi sau biyu. Na farko a kan rairayi, inda ruwa ya kwaso ƙasa ya zuba a gefen kwalta. Na tashi na kakkaɓe, ban gaya wa kowa ba. Na biyu a Aliero, wurin da ake lodin albasa. An yi yayyafi, ɓawon albasa ya ruɓe a kan hanya. Na zo rage giya, sai na gan ni ƙasa, besfar a kan ƙafata. Ƙashin ƙauri ya tsage. Da yake garin masu ɗori ne, a kafaɗa aka ɗauke ni zuwa gidan wani. Ya ja ƙafar, ya ɗaure da karare, ya ce tsoho irina gida ya kamata ya zauna. Na ce masa ya yi aikinsa.

Da na fara takawa, babban ɗana ya same ni a zaure. Ya durƙusa, bai dube ni ba.

"Baba, ka yi haƙuri. In ta sake kada kai, ni zan aje ta."

Na ce masa taya ce. Na nuna masa ta baya, ta suɗe kamar tafin hannu. Na ce tayar yanzu ba taya ba ce, ta da ita ce ke kama ƙasa, mai farin gefe, mai zane kamar ƙashin kifi. Da irinta na sayi besfar, kuma shekara da shekaru ban taɓa faɗuwa ba. Ya ce to, a sauya taya, amma maganarsa tana nan. Ni ma na ce to. Na yarda da abin da na faɗa har cikin raina.

Neman tayar ya ci mini rabin damina. Masu shago a Jega yara ne, ba su san besfa ba sai a hoto. Wani ya miƙo mini tayar keke mai ƙafa uku, ya ce ai girmansu ɗaya. Girmansu kusan ɗaya, amma ita bayanta a shimfiɗe yake, an yi ta don abin da ba ya kwanciya a kwana. Besfa kuwa injinta a gefen dama yake, kullum tana neman karkata, sai tayar da ke da gadon baya mai lanƙwasa. Wani ya kawo tayar baro yana dariya, ya ce da ni da mai tura ruwa gudunmu ɗaya. Mai facin bakin tasha ya ce in kawo tsohuwar ya zana mini ita da wuƙa mai zafi, ta koma sabuwa. Na san wannan aikin. Zanen ya fito, naman tayar ya tafi, ƙaya ɗaya ta ishe ta.

Sai aka kwatanta mini wani tsohon bakanike a Danwarai, wai yana da ajiya. Na je a bayan ɗan kabu-kabu. Ya shiga ɗaki ya fito da guda biyu, a naɗe da takardarsu, ba a taɓa ɗaura su ba. Farin gefe, zanen ƙashin kifi, irin tawa ta fari sak. Na karɓi ɗaya. Na sa farcen babban yatsa na danna. Bai shiga ba. Na ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar ƙoƙo. Sun shekara nawa a rataye ƙarƙashin kwano, zafi ya dafa su. Sababbi ne, kuma sun mutu. Bakaniken ya ce taya in ba ta birgima bushewa take yi. Ya ce in ɗauka kyauta in ina so in yi ado. Na bar masa.

Wanda ya samo mini ita wani direba ne mai kai albasa kudu. Na ba shi tsohuwar ya tafi da ita don gwaji. Ya ce a can akwai masu tara tsofaffin besfa don sha'awa, suna wanke su suna hawa ranar hutu, kuma ana yi musu sabuwar taya da fasalin ta da. Ban yarda ba sai da ya dawo ya sauke mini biyu daga bayan mota, suna warin albasa. Gefen fari tas. Zanen mai zurfi, yana ɗaukar rabin gaɓar yatsa. Na danna farce, ya shiga, ya bar shaida, shaidar ta cike a hankali. Na shinshina, warin sabuwar roba. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Ni na ɗaura su da kaina, na raba ƙarfen tayar biyu kamar yadda ake yi wa besfa. Wurin ɗaure noti sifana ta suɓuce daga hannuna na hagu, ta sake suɓucewa. Hannun ya jima yana yi mini kamar tururuwa na tafiya a ciki. Na ce sanyin damina ne.

Tayar ta yi. Ba zan yi mata ƙarya ba. Na bi rairayin da ya kada ni, ta ratsa. Na koma Aliero da gangan ranar da aka yi ruwa, na bi ta kan ɓawon albasa, na taka birki, ta tsaya cak. Juma'ar farko da na isa Maiyama, yayata ta ce a kai ta ta taɓa. Ta durƙusa tana shafa zanen da yatsu, ta ce, "Wagga kam ta ƙwarai ce, Auta. Ko ni na hau ba ta kada ni." Muka yi dariya. Na yi wata guda da wani abu ina zuwa ina dawowa.

Ranar da abin ya faru ba ruwa, ba rairayi, ba ɓawo. Ƙasa busasshiya, a daddaɓe, ƙofar gidan jikan yayata. Na zo a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. A besfa kuloci da giya duk a hannun hagu suke. Na ce wa hannun ya damƙe, bai damƙe ba. Na ce wa ƙafar hagu ta sauka, ba ta sauka ba. Besfar ta yi tsalle kaɗan, ta daki dakali, muka kwanta tare. Injin ya mutu. Ina kwance ina kallon tayar baya tana juyawa a sama, farin gefenta ko ƙura bai yi ba.

Yayata ta ji komai daga zaure. Ta fito tana laluben bango.

"Auta, taya ce?"

Na so in ce e. Bakina ya yi nauyi, ya karkace.

"A'a, Yaya."

Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta nemo kaina ta ɗora a cinyarta, har mutane suka zo.

A asibiti suka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikina, suka ce ya daɗe yana ba ni alama. Ɗana bai tambayi makulli ba. Ni na ce a ciro shi daga aljihun rigata a ba shi.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Da na ɗan ji sauƙi ya ce zai tuƙa besfar ya goya ni. Bai iya giyar hannu ba, ta yi ta kuka a hanya, ni kuma ina zamewa, sai da ya ɗaure ni a bayansa da rawani. Da muka isa ba a shimfiɗa tabarma ba. Yayata ta ce ta ji besfa, amma ba hannuna ba ne, ta ɗauka an zo gaya mata na mutu. Ta roƙe shi kada ya sake yi mata haka. Ya rantse ba zai sake ba.

Yanzu sai in ya sami sarari ya sa ni a motar haya, shi kuma gona ba ta barinsa. Wata yakan wuce. In na je ba ta sanin na zo sai na yi magana, maganar kuma ba ta fita yadda ta sani. Wani zuwan sai da jikanta ya gaya mata ko ni wane ne. An ce har yanzu ranar Juma'a takan fito zaure bayan azahar ta zauna.

Besfar tana jingine a zaurena, ƙarƙashin kwano. Gashin sabuwar roba bai gama kaɗewa daga gefen tayar ba. In na fito da safe nakan danna farcen hannun dama. Bara yana shiga sosai. Bana sai na danna da ƙarfi.