Shekarar da Pak Derahman Ya Ƙi Amsa Kira

Shekara talatin da ɗaya Pak Derahman, wato Baba Derahman a yarenmu, ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da garinmu, a kan jan babur na gidan waya. Har agwagin ƙauyen Paya Luas sun san ƙarar babur ɗin. Da ya yi ritaya likita ya ce masa ko dai ya motsa jiki ko ciwon sukari ya kwantar da shi, sai ya kama gudu da furfurarsa.

Duk shekara akan yi tseren kilomita goma a garin. Ana tashi daga filin ƙwallo bayan sallar asuba, a ratsa gonakin shinkafa na Paya Luas, a bi ta ƙarƙashin itatuwan kwakwa na Lubuk Temin, a dawo. Wanda duk ya gama cikin awa biyu ana rataya masa lambar yabo. Sau shida Pak Derahman yana shiga, ko sau ɗaya bai samu ba, kuma ba ƙafa ce ta gaza ba.

Baƙin da ke zuwa daga biranen Ipoh da Penang ba su san kowa ba, wucewa suke yi abinsu. Shi kuwa da ya kunno kai sai kira ta ko'ina, wannan ya ce ya hawo ya sha kofi, wancan ya ce ga soyayyar ayaba da zafinta. A wajenmu kuma ba a wuce dattijo a zaune, ko da gidanka ne ke cin wuta. Sai ya tsaya, ya gaisa da hannu biyu ya dafa ƙirji, ya tambayi ciwon gwiwa da labarin jikoki. Wata shekarar takardar asibiti ya tsaya karanta wa wani. Wata shekarar kuma ya iso fili ana kwance rumfa, da ƙunshin 'ya'yan itacen rambutan a hannunsa.

"Kai dai ba tsere kake zuwa ba," in ji matarsa Kelsom, "yawon Sallah kake zuwa da takalmin gudu."

Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa. Rayuwarsa duk ta ƙare wajen kai wa mutane nasu, yana so ko sau ɗaya a miƙo masa abin da ƙafarsa ta samo.

Sai aka yi shekara huɗu ba tsere, da fari annoba, daga baya ambaliya ta cinye gadar Lubuk Temin. A tsakanin nan ya koma cikin gari kusa da 'yarsa, ya daina leƙa ƙauyukan. Da aka dawo da tseren likita ya taɓa gwiwarsa ya ce bana ce ta ƙarshe. Pak Derahman ya ɗaura niyya: bana ko uwarsa ce ta taso daga kabari ta kira shi, sai bayan ya karɓi lamba. Ya sa hular hana-sallah da baƙin tabarau, ya cusa auduga a kunne.

Ya shiga Paya Luas ya cije, idonsa a kwalta, yana jiran kiran da zai ƙi amsawa. Kira bai zo ba. Gidan Pak Senawi mai ciwon gwiwa a kulle yake, ciyawa har taga. Na kusa da shi an yi masa fenti ya zama masaukin baƙi. Matasa a bakin hanya riƙe da wayoyi suna tafa wa kowa, suna ce masa, "Da kyau, Baba, saura kaɗan." Ba wanda ya san sunansa. Da farko ya ji daɗi, don ƙafa tana ta cin hanya. A kilomita na biyar ya zare audugar, ko ita ce ta hana shi ji. A na shida ya cire tabarau, ya ɗaga hular. Shiru dai, sai ƙarar takalma. Nan ya fara lissafa waɗanda ya ji labarin rasuwarsu da waɗanda 'ya'ya suka kwashe zuwa Kuala Lumpur.

A kilomita na bakwai, bayan sabuwar gada, wata murya ta fito daga tagar wani gidan katako. Tok Jarah ce, wato Kaka Jarah, wadda ya shekara goma sha biyu yana kawo mata wasiƙun ɗanta soja, ta kusa casa'in.

"Derahman? Kai ne?"

Ya dubi agogo, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Ya gama a awa ɗaya da minti talatin da huɗu. Wata yarinya ta rataya masa lambar, Kelsom tana ta murna tana ɗaukar hoto. Shi kuwa babban agogon fili yake kallo. Minti ashirin da shida suka rage, da sun ishe shi ya gaisa, ya sha kofi har ya ƙara. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba a shekarun da yake zuwa na ƙarshe.

Ya juya da ƙafa yana ɗingishi, yana cin karo da 'yan baya da ke tahowa. Ya sami Tok Jarah a tagar ba ta motsa ba.

"Na san kai ne," ta ce. "Ka wani sunkuyar da kai kamar ɓarawon kaza."

"Ki yafe ni, Tok. Agogo nake bi."

"Ba komai, ɗan nan. Ba wani abu zan ba ka ba, yau ko ruwan zafi ban ɗora ba. Tun asuba mutane ke wucewa ta ƙofar nan, sun fi ɗari biyar, kai kaɗai na san sunansa. So na yi kawai in kira wani."

Pak Derahman ya tsaya a rana, gumi yana sauka a idonsa.

"Sake kira, Tok," ya ce.

Ta kira shi, ya amsa.