Bindigar Baba 'Yar Italiya

Da aka zo rabon gadon Baba, bindigarsa ce ta fi komai tayar da jijiyar wuya, har ta fi gidanmu na Gada Biyu. Tun muna yara take kwance a saman kwabar ɗakinsa, naɗe cikin tsohon bargo. Baki biyu gare ta, ɗaya a bisa ɗaya, an zana ganye da tsuntsaye a jikin ƙarfenta, ga wani rubutun boko da babu mai fahimtarsa a gidan.

Baffa, ƙanen Baba, shi ne mai riƙe da tarihinta. A cewarsa, wani injiniya ɗan Italiya ne ya ba Baba ita a zamanin haƙar kuza, bayan Baba ya ƙwace shi daga bakin damisa. Duk shekara damisar ƙara girma take yi.

"In aka sayar da wannan," in ji Baffa, "sai a sayi gida a Abuja, a yi ragowa."

Malamin da ke rabon ya ce ba zai sa ta cikin gado ba sai an san darajarta. Da yake ni ne malamin makaranta a gidan, aka ɗora mini aikin.

A Jos mutum ba ya saɓa dogon abu naɗe cikin bargo ya bi titi, ko da lasisi ne da shi, don haka hotuna na ɗauka a waya. Na fara da wani dattijo a kasuwar Terminus da aka ce ya taɓa sayar da kayan farauta. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Oga, wa ya aiko ka?"

Na ce babu kowa. Ya ce shi yanzu takalman ruwa yake sayarwa, kuma lokacin cin abincinsa ya yi. A gabana ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo.

Sai na tuna da maƙwabcinmu, wani tsohon Fada, limamin coci, da ya yi karatu a Italiya. Baffa ya sa babbar riga ya biyo ni, don ya ji da kunnensa. Fada ya gyara tabarau ya karanta a hankali: sunan masana'anta, sunan gari, sai kuma "ƙarfe mai inganci".

"Ci gaba, Fada," in ji Baffa.

"Ya ƙare, Alhaji."

"Ba a ambaci jarumta ba?"

"Tsuntsu dai na gani, ga shi nan an zana. Ya yi kama da makwarwa."

Daga nan na koma intanet, na faɗa wani dandali na tsofaffin Turawa masu tara irin waɗannan bindigogi. Suka karɓe ni hannu bibbiyu. Suka sa na ɗauko hoton ƙananan hatimai da ke ƙarƙashin bakin bindigar, suka ce an ƙera ta a arewacin Italiya tun Baba yana saurayi, don harbin tsuntsaye. Ba ta manyan attajirai ba ce, amma in tana nan yadda ta fito daga masana'anta za ta yi kuɗi. Baffa ya fara zaɓen unguwa a Abuja.

Sai suka nemi hoton katakon gindinta. Nan ne fa. Baba ya shafe shi da ragowar shuɗin fentin ƙofar gidanmu, ya kuma ɗaure inda ya tsage da robar tayar keke. Wani daga cikin Turawan ya rubuto cewa sai da ya tashi ya sha ruwa kafin ya iya amsa mini. Ƙarshen magana, suka ce da ƙyar ta sayi tsohon babur.

Na tara 'yan gida na faɗa musu. Baffa ya ce makircin Turawa ne, so suke su saye ta a banza kamar yadda suka kwashe kuza. Ana cikin haka sai Mama, wadda tun rasuwar ba mu ji dariyarta ba, ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin mayafi.

"Wace damisa?" ta ce. "Direban Baturen ne shi. Da zai koma ƙasarsu aka hana shi tafiya da ita, ya bar masa. Sau ɗaya babanku ya taɓa harba ta. Ya auna shaho, ya kashe talotalon mahaifina."

Baffa ya ce ai shi lokacin yana makarantar kwana, abin da aka gaya masa ya riƙe.

Mama ta ce kakanmu ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce talotalonsa yake so, irinsa sak, mai irin kukansa. Baba ya dinga zarya da talotalo a hammata, tsohon yana dubawa yana cewa ba shi ba ne. Mama kuwa, lokacin tana budurwa, ita ce mai kawo wa baƙo ruwa. Daga baya Baba ya koma zuwa hannu rabbana, kuma babu wanda ya sake tambayarsa talotalo.

Ta ce a sa bindigar cikin kasonta. Babu wanda ya ja, ni kuma na shiga zaryar takardun lasisi. Ƙanwata ta tambaye ta ko an ci talotalon da aka harbe.

"An ci mana," in ji Mama. "Duk gidan muka yini muna tsintar dalmar harsashi a haƙori."